Kwanson da Mama ta tsinta

Laraba da dare, Bronx

Mama ta ƙi cin abinci, ta ɗaure kayanta, wai mu mayar da ita ƙauyen da muka sha wahala kafin mu fito da ita. Ya Ubangiji, ya zan yi?

Dama na roƙi mijina Bulus ya ɓoye kayan bindigarsa kafin Mama, mahaifiyarsa, ta iso nan ƙasar waje. Ya ce yana da lasisi, kuma allon gwada saiti kawai yake harbi. Jiya ya zauna yana matse kwanson harsasan da ya harba, yana datse musu baki don ya sake cika su. Ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera.

Mama kuwa ba a riga ta sharar safe. Na dawo daga aiki na tarar da ita zaune a ƙasa, kwanson a tafin hannunta.

Ta ce, "'Yata, irin wannan na share a ƙofar Ishaya." Autanta ke nan, wanda 'yan bindiga suka kashe.

Bulus ya durƙusa yana rantsuwa. "Mama, fanko ne, babu komai a ciki."

Ta ce, "Wancan ma fanko na same shi."