Takardar Yabo Suka Ba Ni, Kujerar Suka Ba Wata

Anti, ki taimake ni kafin bakina ya kore ni daga aiki.

Guga nake yi a ɗakin wankin wani otal, a tsaye tun safe har yamma, ga tururi ga zafin dutsen guga. Gwiwata ta kumbura har likita ya ce in rage tsayuwa. Da mai ninke tawul ta bar aiki na sa rai da kujerarta, don na fi kowa daɗewa. Sai manaja ya ba wata da ta zo bara, wadda ko ƙaiƙayi ta ji sai duniya ta sani. Ni kuwa a taron ma'aikata ya miƙo min takardar yabo, an rubuta "resilient", aka yi ta tafi. Ƙanwata ta ce ma'anarta mai juriya, wadda wahala ba ta kayarwa. Wato jaki ke nan. Tun ranar duk tulin zanen gado ni ake turo wa, ana murmushi ana maimaita kalmar. Wallahi ko jin ta na yi sai raina ya ɓaci. Gaskiya in ya ce ya jiki nakan ce da sauƙi, haka aka tarbiyyantar da mu, amma shi ba ya da ido ne? In yaga takardar a gabansa in kama gabana?

Mai Guga

Mai Guga, kina da gaskiyar yin fushi, amma kar ki yaga komai. Kalmar nan ba jaki take nufi ba. Turawa na faɗin ta ga wanda wahala ta danne kuma ya sake miƙewa, ba wanda ba ya jin ciwo ba. Duk wanda ya yabi juriyarki don ya ƙara miki kaya ya cuce ki.

Sai dai manajan nan ba boka ba ne. Ke kina ce masa da sauƙi, wataƙila ita ta buɗe baki ta nema. Ki same shi a ofis, ba gaban mutane ba, ki faɗa masa abin da likita ya ce. Ki nemi a riƙa karɓa-karɓa a kujerar, ko a samo miki wata. Ita yarinyar ki bar ta, ba ita ta raba aikin ba.

Gobe in ya ce ya jiki, ki dube shi ki ce babu sauƙi. Allah ya ba ki lafiya, ya zaunar da ke.