In Na Dawo Da Aikina Gida, Da Wa Zan Yi Magana?

Manang Perla, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Kullum ina karanta filinki, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan rubuto ba.

Ina zaune a Liloan, ina aiki a Mandaue, a ofishin wani kamfani da ke busar da mangwaro yana kaiwa ƙasashen waje. Mijina Renante a jirgin ruwa yake aiki, in ya tafi sai ya kusa shekara bai dawo ba. Mahaifiyata ta rasu tun ina budurwa, 'yan'uwana kuma suna can Bohol, sai an ƙetare ruwa. 'Yarmu ɗaya, Tala, ba ta daɗe da fara tafiya ba. Nang Ising, wata dattijuwa maƙwabciyarmu, ita ke riƙe min ita. Da asuba nake miƙa ta tana barci, in hau jifni, motar hayarmu ta nan, in na tashi aiki kuma cunkoso ya riƙe ni a hanya, in iso an yi mata wanka, ta ci, idonta ya yi nauyi.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan mun fito daga coci, Tala ta yi tuntuɓe ta faɗi. Na buɗe hannuwana. Ta tashi tana kuka, ta wuce ni, ta rungume ƙafar Nang Ising. Baiwar Allah ta ji kunya, tana ta tura ta wurina tana cewa, "Je ki wurin mamanki mana, ni tsohuwa me zan yi miki?" Na yi dariya saboda mutane na kallo. Abincin rana bai shiga bakina ba.

To ga shi ƙawata Charito ta samo min aiki irin nata. Daga gida za a yi shi, da kwamfuta, ina tsara wa wani asibitin haƙori na Ostareliya lokutan ganin likita. Da rana ne, albashin kuma bai gaza nawa ba. Tana son amsa kafin ƙarshen wata. Duk wanda ya ji sai ya ce me nake jira. Renante, ranar da layi ya yi kyau, cewa ya yi, "Maman Tala, ki karɓa mana, ki huta da hayaƙin hanya." Surukata ta kira daga Leyte ta ce Allah ne ya amsa addu'arta, jikarta za ta san uwarta.

Manang, ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Tsoron gidana nake ji.

Lokacin hutun haihuwa, Renante ya koma jirgi ko cibiyar Tala ba ta warke ba. Gidanmu ne na ƙarshe a layi, kuma da gari ya waye kowa ya fice wurin aiki. Ba ki jin komai sai karen maƙwabta da ruwa a kan kwano. Mai tallar kifi in ta zo, sai in tsare ta a ƙofa da surutu, in sayi kifin da ba ni da buƙatarsa don kada ta tafi da wuri. Akwai ranar da na ɗora shinkafa, na zauna a ƙasan kicin ina kuka, Tala na kafaɗata, ban san me aka yi min ba. Ina son yarinyar nan kamar raina, kada ki yi min wata fahimta. Amma ranar da na koma ofis, na ji Jocelyn, wadda teburinta ke kusa da nawa, ta ƙwala min kira, "Ga matar kyaftin ta dawo!" alhali ta san mijina a ɗakin inji yake cikin baƙin mai, sai na ji kamar an buɗe min taga. Da rana mukan haɗa abincinmu a tebur ɗaya, wannan ta kawo busasshen kifi, waccan miyar zogale, a ci ana tsiya. Wannan ɗan lokacin ne kaɗai nake magana da babba ido da ido.

Ban gaya wa Renante kukan nan ba. Mutumin da ke tsakiyar teku me zai yi min in ba damuwa ba? In ya kira, wanka nake yi in shafa hoda, in ɗaga masa Tala ya gani.

Shin son kai ne in zaɓi hirar cin abincin rana a kan 'yata? In na zauna a gida na koma waccan matar ta ƙasan kicin fa? In kuma na ƙi, ta girma tana wuce ni?

Matar Ma'aikacin Jirgi, daga Liloan

*

'Yata,

Share hawayenki. Ba son kai ba ne. Mace mai ɗanyen goyo, ba miji kusa, ba uwa, ba 'yar'uwa, in ta ji kaɗaici ba laifi ta yi ba. Abin da ya same ki a kicin yana samun mata da yawa bayan haihuwa, kuma ana samun taimako a kansa. Ko wane aiki kika zaɓa, ki je ki faɗa wa likita ko ungozomar asibitin unguwarku, kamar yadda kika faɗa min.

Bari in gyara miki lissafi ɗaya da masu ba ki shawara suka yi kuskure. Aikin gida aiki ne. Na yi ɗinki a falona da yara uku, na san abin da nake faɗa. Yarinyar da ta fara tafiya ba za ta zauna ta zuba miki ido kina amsa wa Bature waya ba. Ko kin karɓa, kina buƙatar Nang Ising. Abin da za ki samu shi ne awannin da hanya ke cinye miki, ki yi wa Tala wanka da hannunki, ki ci abincin rana da ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da za ki rasa kuma mutane ne, kuma ke kin riga kin gwada kin ga ba kya jure rashinsu. Kada ki raina wannan don wasu sun raina shi.

Batun coci, kada ki mayar da shi hukunci. Yarinya ta ruga wurin wadda ta saba rarrashinta da rana. Alama ce ana riƙe miki ita da ƙauna. Ki gode wa dattijuwar nan.

Ga abin da nake so ki yi kafin ki ba Charito amsa. Ki ɗauki hutun kwana ɗaya ki wuni a gidanta, ki ga aikin da idonki, ki tambaye ta da wa take magana. Sannan ki shiga wurin shugabarki ki nemi a bar ki ki riƙa yin wasu ranaku a gida. Kin daɗe da su, tambaya ba za ta sa a kore ki ba. In sun yarda, a ganina wannan ya fi miki. In sun ƙi kuma zuciyarki ta karkata ga sabon aikin, kada ki ajiye tsohon sai kin tsara yadda za ki riƙa ganin mutane: rana ɗaya ki ɗauki kwamfutarki ki yi aiki a gidan Charito, abincin rana ki ci a wurin Nang Ising, Asabar ki gayyato Jocelyn ta zo da tsiyarta.

Na ƙarshe shi ne mai wuya. Ki gaya wa Renante gaskiya. Ya ba ki shawara ne a kan matar da yake gani a waya, mai hoda da murmushi. Shi ma yana can nesa da kowa nasa, zai gane ki fiye da yadda kike zato. Wataƙila lokaci ya yi da za ku tattauna tsawon tafiye-tafiyensa, ko wata ƙanwarki ta zo daga Bohol ta ɗan zauna da ku.

Tala tana buƙatar uwa mai lafiya da walwala, ko a ofis take wuni ko a falo. Ki zaɓi inda za ki zama ita. Allah ya raya miki yarinyar, ya dawo da mai gidanki lafiya, ya kuma kewaye ki da mutanen kirki.

Taki,
Manang Perla