Amin Ɗin Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi.

Yaya, maganar 'yata Auta ce. Kin san shekarunta goma sha bakwai, amma hankalinta na 'yar shekara biyar ne, kuma ba ta taɓa ba ni wahala ba. Yau kwana tara ke nan ba ta cin abinci, sai loma biyu in na matsa. Babu zazzaɓi, babu kuka. Ta ninke kayanta kaf ta jera a bakin ƙofa, har jan takalmin nan da ba ta yarda a taɓa. Da zarar na idar da azahar sai ta kwanta ta gefen dama, ta ja farin mayafina ta rufe har kai. In na ɗaga, idonta biyu, tana murmushi kamar mai jiran a zo ɗaukarta.

Na karanta mata iya abin da na sani. Ranar Laraba zan kai ta wurin likitar ƙwaƙwalwa, ko da yake ina jin nauyi. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki.

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin naki? Mun je.

Mun daɗe a kan benci tare da wasu iyaye, kowa riƙe da hannun nasa, ba mai kallon wani. Likitar ta ce irin su Auta ma suna shiga damuwa, bakin faɗa ne ba su da shi. Sai ta ce in jira a waje. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Na ji ta tambaye ta wa take jira.

Yaya, muryata na ji ta fito daga bakin Auta, tana kwaikwayona har da rawar da muryar take yi: "Ya Allah, ka ɗauke ta kafin ni, kada in bar ta a hannun mutane."

Tun rasuwar babanta nake wannan roƙo bayan kowace salla, a hankali, tana zaune a gefen dardumata. Na ɗauka ba ta fahimta. Kuma ni na koya mata ta riƙa cewa amin.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa mana ranar dawowa, ta ce in gyara maganar inda Auta za ta ji. Na yi istigfari. Yau kwana uku ina roƙa mata tsawon rai da babbar murya, da sunanta. Tana ɗaga hannu tare da ni, tana kallon bakina har in gama, amma har yanzu ba ta ce amin ba. Abincinta na nan a rufe.

Don Allah ki zo. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki.