Sandar da Bature ya bar mini

Talata da dare, Kebbe, shekara ta biyu da samun mulkin kai.

Shekara goma sha ɗaya na yi wa Bature akawu a Tambuwal. Da zai tafi, aka ba wanda na koya wa riƙon alƙalami kujerata, ni kuwa aka sallame ni da siririyar sandar fatsa.

Yau na kai ta gulbi, don na yi wa mai ɗakina Hajo alkawarin babban kifi saboda baƙin da za su zo sunan jikanmu. Mamman masunci ya lanƙwasa ta da yatsa, ya yi dariya.

"Malam, wagga ta ƙananan kifi irin karfasa ta. Giwan ruwa gora shika so, mai kauri. Amshi tawa."

Na ce masa na karanta littafin kifi tun bai san baƙi da wasali ba. Me ya kai bakina?

Da la'asar giwan ya haɗiye ƙugiya. Na ga bayansa, ya kai tsawon hannuna. Ja biyu ya yi, sandar ta karye daga tsakiya.

Hajo ta riga ta sayi mai da yaji. Kifin ya tafi da ƙugiya, da zare, da rabin sandar.