Na Ce wa Yayan Matata Gemun na Jabu Ne

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zai raba ni da dangin matata. Raina a ɓace yake, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na firamare na tsaya. Kwana uku na yi ina haɗa wannan wasiƙa a waya, in na sallami wannan kai kafin wancan ya zauna.

Ni mai aski ne. Shagona ƙarami ne: kujera ɗaya, benci ɗaya, madubi biyu, sai talabijin da na maƙala a sama kusa da fanka. Na haɗa ta da irin manhajar nan ta kallon fina-finai don mai jiran layi ya daina duba agogo. To duk wanda ya zauna a bencin nan ya zama alƙali. Wannan ya ce jarumar ba ta iya kuka ba, wancan ya ce shi kukan nata ma yake zuwa kallo, wani ya ce zango na biyu ya lalace, masu fim sun mai da mu yara. Ni ban cika sa baki ba. Hannuna yana kan mutum, sai dai in ɗaga ido jifa-jifa. Amma Anti, shekara tara ina kallon ƙeyar mutane. In na ga kai na san kwana nawa rabonsa da inji, kuma abin da idona ke fara kamawa a fim ke nan.

Yayan matata ma'aikacin ofis ne, ya yi karatu mai zurfi, yana da shafi inda yake rubuta ra'ayinsa a kan fina-finan da ake sakawa a manhajojin nan. Duk Asabar yake zuwa aski wurina. Yaya nake ce masa kamar yadda ƙanwarsa ke ce masa, kuma ko mutum biyar ne a benci in ya shigo sai in roƙe su in fara da shi.

Abin ya faro ne daga wani fim mai dogon zango da kowa ke bi, inda aka sace wani ɗan kasuwa aka kulle shi a ɗaki wata uku. Ranar da aka nuno an ceto shi, Yaya yana kan kujerata. Na ɗaga kai na ga an hasko mutumin ta baya. Gemu buzu-buzu, riga duk datti, amma layin ƙeyarsa tas, kamar shekaranjiya aka ja da reza. Sai na faɗi haka a fili, na ce ko dai masu fim sun yi sakaci, ko kuma mutumin nan shi ya sace kansa, don wanda ke kulle ba ya samun mai gyara masa ƙeya. Yaya ya gyaɗa kai har na kusa yanke masa kunne.

Bayan kwana biyu matata ta tare ni da waya tana murna, wai in zauna ta karanta min abin da Yaya ya gano. Ita ke karanta min dogon rubutu, ni ina daɗewa a kai. Anti, maganata ce kalma bayan kalma, har da shekaranjiyar. Sati biyu a gaba fim ya nuna mutumin shi ya kitsa sace kansa. Shafin Yaya ya cika da mutane, suka raɗa masa suna Mai Ido.

Wallahi a lokacin dariya na yi. Na ce ɗan'uwa ne, me aka yi aka yi magana. Amma sai ya zama sana'a. Duk Asabar kafin in gama ɗaura masa ƙyalle zai tambaye ni me na gani a fitowar jiya. Ni kuma in faɗa: sojan da aka bar wa saje a kumatu irin wanda babu barikin da zai yarda da shi, angon da ya shiga ƙofa da sabon aski ya zauna a kujera da sumar sati guda, mai ciwon da aka ce ya shekara a kwance amma gashin bakinsa a daidaice. Ina magana ina ganin babban yatsansa yana motsi a ƙarƙashin ƙyallen, yana rubutawa a waya. Ya ɗauka ban gani ba. Madubi biyu gare ni, Anti. Wata takwas muna haka, ko sau ɗaya bai taɓa rubuta cewa wani mai aski ne ya nuna masa ba. Ban ce ya sa sunana ba, ko “wani” ma ya ishe ni.

Duk wannan na shanye. Abin da ya tsaya min a wuya ya faru ne wata Asabar, benci cike, ana musu a kan ƙarshen zangon. Wani direban tasi da ke aski wurina ya ce kowa ya yi shiru a ji ta bakin mai shago. Ban buɗe baki ba Yaya ya amsa daga kan kujerata, da ƙyallena a wuyansa, ya ce: “Ku bar shi da injinsa. Shi bayan kai yake gani, abin da ke cikin kai sai wanda ya je makaranta.” Benci ya fashe da dariya. Na ƙarasa masa gyaran fuska lafiya lau, na shafa masa hoda, na kakkaɓe masa kafaɗa, na ce sai wani satin.

Na koma gida da abin a cikina, sai na tarar da matata tana karanta sabon rubutunsa. Ta ɗago ta ce min da ma ina zama da Yaya sosai in koyi kallon fim, ni kullum sai dai in ce askin wane bai yi ba. Ba da mugunta ta faɗa ba, tana dariya ma. Amma Anti, abin da take riƙe da shi a hannu tana yabo, a bakina ya fito. Matata tana kallon yayanta a matsayin mai ido, ni kuma mai inji. Wannan ne ya ƙona ni, ya fi dariyar benci.

To ga inda nawa laifin yake, ba zan ɓoye miki ba. A fim ɗin akwai wani tsohon direba mai farin gemu. Asabar ta gaba da Yaya ya tambaye ni me na gani, sai na rage murya kamar mai ba da sirri, na ce gemun tsohon nan na jabu ne, manna shi aka yi, saurayi ne ya ɓad da kama, kuma shi ne ɗan gidan da ya ɓata tun zangon farko. Na sani sarai gemun gaske ne. Furfurar gaske ba ta fari ɗaya, kuma tana bin fata in mutum ya yi magana. Na ga yatsa yana gudu a ƙarƙashin ƙyalle, na bar shi ya rubuta.

Ya rubuta, har da cika baki, wai in ba haka ba ne a daina kiransa Mai Ido. A fitowa ta gaba tsohon ya rasu a fim ɗin, aka binne shi da gemunsa. Masu kallo suka dirar wa Yaya. Ashe mai wasan dattijo ne da aka daɗe da sani, wasu suka ce Yaya ya ci mutuncin sa'an kakansa. Suka ɗauki hoton Yaya suka liƙa masa gemun auduga suna yawo da shi. Wani ya rubuta wai a haɗa masa kuɗin tabarau, wani ya ce ai tabarau ba ya wa makaho aiki.

Yau sati uku bai zo aski ba. Na hango shi a bakin titi, sumarsa ta taru, wurin wani ma bai je ba. Ba zai iya tuhumata ba, don in ya ce ni na faɗa masa, ya tona sauran ke nan. Matata kuwa tana karanta zagin tana hawaye, tana roƙona in je in ba shi baki, wai ni ne yake jin daɗin hira da ni. Har mahaifiyarsu ta kira ni a kan haka.

Na ɗauka in ya sha kunya zuciyata za ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Shi ya kwashi maganata wata takwas, shi ya wulaƙanta ni a shagona, yanzu kuma ni za a aika in lallashe shi? Ina so matata ta san maganar wa take yabo. Amma in na faɗa mata wannan, dole ta san wancan, ta san ni na jefa yayanta a bakin mutane ina kallo tana kuka. In faɗa mata? In tara su duka in fasa? Ko in ci gaba da shiru in ƙone ni kaɗai? Ki gaya min gaskiya ko da ba za ta min daɗi ba.

Mai Askin da Aka Kai Bango

*

Ɗana mai aski,

Rubutunka ba ya buƙatar ban-haƙuri, na fahimci komai. Kuma fushinka yana kan hanya. An ɗauki abinka ba a gode ba, aka kuma yi maka dariya a wurin da kake neman abincinka. Wannan zalunci ne ko daga bakin wa ya fito.

Amma tunda gaskiya ka nema, wata takwas ɗin nan da kake kira haƙuri, tara abu ka yi a ciki. Kana ganin yatsa a madubi tun satin farko. Da a lokacin ka ce cikin raha, “Yaya, a riƙa tunawa da mai shago,” da wataƙila magana ta ƙare a nan. Shirunka ya ba shi damar gaya wa kansa cewa hirar shago ce kawai, shi ne ya sha wahalar mai da ita rubutu. Kuma ka lura da lokacin da ya ci maka fuska: daidai sa'ar da direba ya ce a saurare ka. Ina zargin tsoro ya ji, kada ka yi magana benci ya gane muryar Mai Ido. Wannan bai wanke shi ba, amma wanda ya raina ka da gaske ba ya zuwa duk sati da tambaya a bakinsa.

Tarkon da ka ɗana kuwa ya wuce inda ka nufa. Ya taɓa dattijon da bai san da ku ba, ya sa matarka kuka sati uku a gabanka. Shi ya sa ba ka ji sanyi ba. Ba kunyar Yaya kake nema ba tun farko, so kake matarka ta san kai wane ne, kuma tarko ba zai iya ba ka wannan ba.

Kada ka tara dangi. In aka taru kowa zai kama ɓangare, matarka ce za ta tsaya a tsakiya. Ka je wurin Yaya kamar yadda aka roƙe ka, ku biyu kawai, ba a shago ba. Ka fara da naka: ka ce ka san gemun na gaske ne, da gangan ka yi, kuma ba ka kyauta ba. Sannan ka faɗi nasa a fili, wata takwas da maganar ranar Asabar, ba tare da zagi ba. Ka nemi abu biyu: ya nemi afuwar dattijon a shafinsa, ya kuma faɗa wa mabiyansa cewa akwai mai askin da ke nuna masa abubuwa. Zai iya hawa sama, zai iya musu. Ka bar shi, kai dai ka sauke naka. Ka kuma sanar da shi cewa yau ɗin nan za ka gaya wa ƙanwarsa, don kada ya ce ka zagaye shi.

Kuma ka cika, a ranar. Kada ta ji daga bakin kowa sai naka. Ita ma ka fara mata da laifinka kafin na yayanta, in ba haka ba za ta ji kamar ƙara ka kawo. Za ta yi fushi, ka ba ta kwanakinta, kada ka ce ta zaɓa tsakaninku. Maganar da ta yi maka ta yi zafi, amma ka yi mata adalci: ta yaya za ta san abin da ka ɓoye mata da kanka? A gida guntun ra'ayinka kake ba ta, cikakken kana kai wa Yaya.

Daga nan ka daina ba da idonka aro a ɓoye. In Yaya yana so ku ci gaba, a yi a fili da sunan kowa. In ba ya so, waya tana ɗaukar murya, ra'ayi ba sai da rubutu ba. Amma mai sauraronka na farko tana cikin gidanka. In ta huce, ku zauna ku kalli fitowa ɗaya tare, ka tsayar da hoton, ka nuna mata abin da kake gani da yadda kake gane shi. Ka bar ta ta yanke hukunci da idonta.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a shagonka da gidanka.

Antinku