Sukarin Wasila

Zango, Damagaram, damina ta 1959.

Zuwa ga Yaya Tahiru a Abijan. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kare ka daga sharrin ruwa da nauyin kayan da kuke saukewa daga jiragen. Inna tana nan lafiya, sai ƙafar da ka sani. An yi shuka a Dogo, gero ya fito da kyau.

Abin da ya sa na ajiye ɗinki na ɗauki alƙalami shi ne 'yarka Wasila. Haƙori ya sa ta gaba, kumatun hagu ya kumbura, ko tuwo ba ta iya taunawa. Inna ta ce bakin mutane ne, ta kama sunan Shatu maƙwabciyarmu, don ita ce ta taɓa yabon farin haƙoran yarinyar. Ni ma, ban ɓoye maka, na daina amsa gaisuwar matar nan da daɗin rai.

Sai Inna ta kirawo Mai Nasara, wani mai cire tsutsar haƙori a kasuwa. Ya zuba 'ya'yan gauta da mai a kan tsingaro mai zafi, ya sa Wasila ta buɗe baki hayaƙi ya shiga, ya tara ƙwaryar ruwa. Sai ga wasu farare-farare suna faɗowa, Inna tana ta salati. Ni dai idon mutumin bai kwanta mini ba, ya cika kallon ƙofa. Yana fita na maimaita aikin nasa ba bakin kowa a wurin, wallahi sai ga tsutsar tasa ta sake faɗowa! Ashe 'ya'yan gautar ne ke fashewa. Kumburi kuwa ko gezau.

Na ɗauke ta sai likita, Inna tana faɗa a bayana. Lokotoro, wato babban likitan wurin, ya ce kogo ne ya ci haƙorin har ciki, ya cire shi. Ya ce wannan na yarinta ne, wani zai maye gurbinsa, amma turmin da ke bayansa na girma ne, kuma baƙi ya fara kama shi. In ya tafi, ya tafi ke nan. Ya ce asuwaki safe da yamma, da kurkurar ruwan gishiri, kuma a raba ta da zaƙi. Na rantse masa gidanmu ba a ba yara sukari. Ya yi mini kallon maƙaryaci, raina ya ɓaci.

Na dawo ina zargin kowa, har mai alewar bakin titi na tsare. Rannan da safe na bi layin kiyashi daga tsakar gida, ya kai ni ƙarƙashin tabarmar Wasila. Ƙwayoyin sukari ne cikin tsumma, irin na kwalin da kake aiko wa Inna. Takan cusa su a kumatu ta yi barci da su. Na ɗaga murya, na ce kwaɗayi ya kai ta ga sata. Ta ce ita ba kwaɗayi take ba, har tashin zuciya yake sa ta. Wai ranar da za ka hau mota ka bar mata kwali ɗaya, ka ce kafin ya ƙare ka dawo. To, ƙarar da shi take yi. Kullum ya kusa ƙarewa sai ka aiko wani.

 Na je na ba Shatu haƙuri, Inna ma ta aika mata da goro. Don Allah kada ka sake aiko sukari gidan nan, kuma ka faɗa mana watan zuwanka na gaskiya, wanda zan iya faɗa wa yarinya ban ji kunya ba.

Inna tana sa maka albarka. Larai da Kellu suna gaishe ka, ka gaida Kawu Ɗanladi. Wasila ba ta ba ni gaisuwa ba. Ta ce in gaya maka kwalin ya ƙare.

Ƙanenka,
Tanimu tela.