An Karɓi Tsarin Rabi

Daren Alhamis, Boɗinga

An karɓi aikin jikata Rabi! Tun safe muke Shagari ni da ita, a wurin aikinsu, ƙafafuna zugi suke yi, amma sai na rubuta.

Su biyar ke rubuta manhajar kwamfuta ta masu albasa, kowa da irin tazarar da yake bari a layi. Sau uku shugabansu yana maido mata da nata, wai jerin bai yi masa ba, a na huɗu zai cire ta. Yarinya har tuwo ta daina ci.

Yau ta nuna musu fayil ɗaya mai dokokin jeri. Kowane aiki aka sa shi, kwamfuta za ta daidaita rubutun kowa, ta ja jan layi inda aka kauce. Aka gwada da na shugaban, allo ya yi jawur. Sai ya ce, "To, a sa shi ko'ina."

A mota na ce mu ma malam kan ja mana layi a ajin yamma. Ta ce, "Tsoho, kai da rubutunka ka hawan tudu har yau!"

Bayana ya ƙage. Gobe dai kowa ya zo zaure, har danginmu na Dingyaɗi, ta buɗe kwamfutar su gani.